Mi yasa shafen TiO2 (sinadarin titanium dioxide) mai azurfa ke canza kala?

Dan Kofar Sauri: Salam yan uwa, jibi muna da jarabawa, dan Allah ya akai haske ke canza kalar shafen TiO2 in an sa mishi kananun kwayoyin azurfa?

Malam Fiziks: Wslm. Shi TiO2 hasken UV (ultraviolet, wanda ido baya gani) kadai yake sha, gibinshi, wato karfin hasken da yake bukata kafin ya saki ilektron, wajen 3.2 eV ne. In UV ta bugeshi sai ya saki ilektron su maida Ag+ (azurfar da ta rasa ilektron) ta koma kwayoyin azurfa, shafen yai ruwan kasa, to in ka haska jan haske kwayoyin da ke shan ja sai su zubar da ilektron su koma Ag+, tunda babu sauran masu shan ja sai wurin yai ja-ja.

Yar Daura: Kuma yana gogewa fa, ka sake haska UV kawai. Yan Jami'ar Tokyo suka fito dashi 2003.

Dan Kofar Sauri: Allah saka Malam, yanzu ya shiga.