Bayan 'yan damfara sun shiga kwamfutar gida, me kuka yi?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare kwamfutar Baba ta ɗau ƙara, allon ya toshe da gargaɗi mai tambarin Microsoft da lambar waya. Ya kira, suka sa shi ya sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfuta daga nesa, ya karanto musu lambar da ta fito. Ina shigowa na tarar 'yar kibiyar nan ta allon kwamfuta tana yawo ita kaɗai, sai na kashe intanet ɗin. Don Allah duk wanda abin ya taɓa faɗa wa ya ba mu haske.

Wata malama, Daura: Wa alaikumus salam, Allah ya tsare gaba. Banki tukuna, ƙanena. Da abin ya sami maigidana, a daren muka kira aka toshe kati, da safe ya je da kansa. Ka tambayi Baba a tsanake ko ya faɗa musu BVN ko lambar da ake turowa ta waya. Kada ka yi masa faɗa. Dattijo in ya ji kunya sai ya ɓoye rabin labarin, kuma rabin nan shi ne mai haɗarin.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura: Irin waɗannan ana kawo mini su shago. Mutane suna goge AnyDesk su ɗauka an gama, alhali wanda ya shigo yana iya dasa wata manhajar, ko ya saita ta yadda zai dawo ba tare da an ba shi izini ba. Ni ba na yarda da kwamfutar da baƙon hannu ya taɓa. Ina kwashe hotuna da takardu a filas, in yi mata fomatin, in ɗora Windows sabuwa fil. In 10 ce a kai, ku sani Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, gara 11 in injin zai ɗauka. Gargaɗinsu na gaskiya kuwa ba ya zuwa da lambar waya.

Ɗalibi, Batagarawa: Yallaɓai ya faɗi gaskiya. Namu abin ta Chrome, manhajar shiga intanet, ya zo, duk kalmomin sirrin Mama suna ajiye a ciki. A wata waya daban muka canza su, imel da farko, tunda da shi ake buɗe sauran. Muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro kafin a shiga, har a WhatsApp. Ku duba saitin imel ɗin ma, mu mun tarar an sa yana tura saƙonni wani adireshi.

Wata malama, Daura: Na manta, za su sake kira. Mu sun ce wai kuɗi za su mayar mana, a sake buɗe musu kwamfutar. Ku katse kawai, ku ajiye lambobin da rasit don kai wa EFCC.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba ya ce bai ba da BVN ba, amma ya shiga asusunsa suna kallo. Yanzu muka kama hanyar banki. Malam mai gyara, takardun da za a kwashe a filas, yaya ake tantance su kafin a mayar?