Me ya sa aka ci gaba da buga faifan 78 bayan fitowar LP?

Sani_Fagge: Salamu alaikum. Kamfanin Columbia ya fito da faifan LP, wato mai dogon zango da ke juyi kusan 33 a minti, a 1948, RCA Victor kuma ya kawo ɗan ƙaramin nan mai juyi 45 a 1949. Amma ga tsohon faifai mai juyi 78 a minti da aka buga a Indiya bayan 1960. Me ya hana a daina shi, tunda ga shi da nauyi, ga saurin fashewa, waƙa kuma ba ta wuce kamar minti 3 a kowace fuska?

Malam Garba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Garmahon da ke hannun jama'a ne ya riƙe shi. Garmahon da ake murɗawa da hannu ba ya buƙatar lantarki ko batir, motsin allura kaɗai ke kaɗa ɗan faranti a cikin kan da ke riƙe da allurar, murya ta fito. Hakan sai da layi mai faɗi da juyi mai sauri, wato 78. Kan nan yana danna faifai da nauyin da ya kai giram 100 ko fiye. Ka ɗora shi kan LP na roba, wanda layinsa siriri ne, allurar ƙarfe za ta karce shi tas a juyin farko. Bakin allurar 78 ya kusa ninka na LP sau uku a kauri. Ga shi na'urar da ke daidaita gudu an yi ta ne don 78, ba ta tsayawa daidai a 33.

Hajiya Binta: Ƙari a kan na Malam, shelak ɗin da ake yin faifan, ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa, kuma Indiya ce babbar matattararsa. Masana'antar kamfanin faifai na HMV da ke Dum Dum kusa da Kalkata tana da kayan a ƙofar gida a lokacin. Har waƙoƙin Beatles, mawaƙan nan na Ingila, ta buga a 78, alhali Amurka da Ingila sun bar shi wajen 1960.

Sani_Fagge: To allurar fa, da gaske ana canza ta kowace waƙa?

Malam Garba Mai Rediyo: Kowace fuska, allura sabuwa. Ana cakuɗa shelak da garin dutse don faifan ya ci allura maimakon allura ta ci faifai. In ka maimaita ta, bakin ya riga ya yi kaifi, sai ya riƙa sassaƙar layin, ka ga farar ƙura na tashi. Ba a bar 78 a ƙauyuka ba sai da garmaho mai batir ya yi araha.