Neman kalma: me za mu kira polish na mota da Hausa?

Mai shirin rediyo:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da gaggawa. Gobe ƙarfe 4 na yamma zan shiga situdiyo, shirin kan yadda mutum zai zaɓi abin goge ƙananan karce a fentin mota ne, irin wanda ke aiki nan take ba sai an kai gareji ba. A Turance abu uku ne, compound da polish da wax, ni kuma duka ukun "man goge mota" ke zuwa min a baki, kun ga mai sauraro ba zai san wanne zai saya ba. Me ake ce musu?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Folish muke cewa oga, na farkon kuma kamfawun. Duk garejin da ka shiga a Kano haka za ka ji.

Direba daga Maraɗi:
Na ukun kam kaki ne, ba gardama. Mai kyan ma daga ganyen wata bishiya ta Burazil ake samo shi, carnauba.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Kaki na yarda. Amma folish da kamfawun a gidan rediyo? Haba jama'a. Abin da aka faɗa a rediyo shi yara ke ɗauka. Ga shawarata: sheƙau, daga sheƙi, a kan awon mantau da jimrau. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗi, kuma Hausa ce tsantsa.

Ɗan Panteka:
Allah gafarta Malam da girmamawa, amma aikin folish ba sa sheƙi ba ne kawai. Bari in yi bayani yadda muke gani a hannu. Fentin motar yanzu hawa uku ne, na ƙasa mai kama ƙarfe, sai kala, sai wani garai-garai a sama da muke ce wa kiliya, kaurinsa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, kusan rabin kaurin takardar rubutu kenan. Karcen da ake gani in rana ta haska kamar saƙar gizo, yawanci a wannan kiliyar yake, kuma mu ke jawo shi da kanmu, ƙurar hunturu ta kwanta a mota yaro ya zo da busasshen tsumma ya shafe. To folish yana da gari mai laushi a ciki, cin gefen karcen yake har wurin ya daidaita, sheƙin daga baya yake zuwa. Kamfawun garinsa ya fi kaushi, ya fi sauri, ya kuma fi ci. Kaki ne kaɗai ba ya cin komai, rufi ne.

Direba daga Maraɗi:
Kuma Malam ka yi haƙuri, wannan kalmar in ta fito daga rediyo ba wanda zai ji ƙ ɗin da ke ciki, sunan wancan mutumin na Boko Haram za a ji. Akwai waɗanda har yau jin sunan yana tayar musu da hankali.

Malamin Hausa:
Wannan gaskiya ne, ban lura ba, na janye ta. To a ce ƙyallau. Abin da nake gudu shi ne lalaci, duk abin da ya zo sai mu lanƙwasa Turancinsa mu ce mun yi Hausa. Masu bugu a Ƙofar Mata tun kaka da kakanni suke fito da sheƙin tufa, suna da kalmominsu, mu me ya hana mu?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
To Malam mota fa? Fenti fa? Rediyon ma da za a yi shirin a ciki? Ni shekarata 19 ina wannan aiki, ban taɓa jin kunyar cewa folish ba, sai yau da aka ce min lalaci ne.

Malamin Hausa:
Ban ce kai malalaci ba ne ɗan'uwa. Mota da fenti sun daɗe sun zauna, har jam'i sun yi, motoci. Kamfawun bai zauna ba, kai da abokan aikinka kaɗai kuka san shi. Tun bai yi jijiya ba ake gyarawa.

Wata 'yar jarida:
Ni matsalata da ku masana kenan, ku ƙirƙiri kalma a ofis ku ce mu yi amfani da ita, mu faɗa a iska a yi ta bugo waya ana tambayar me muke nufi. Ƙamus na Bargery tun 1934 yake, lokacin ba a fara sa wa motoci wannan kiliyar ba, sai wajen shekarun 1980 ta zama gama-gari. Ba inda za a tono kalmar, ko dai a ara ko a bayyana.

Malamin Hausa:
Hajiya ai na'ura mai ƙwaƙwalwa ma ƙirƙira aka yi.

Wata 'yar jarida:
Kuma yau kowa kwamfuta yake cewa.

Mai shirin rediyo:
Don Allah a dawo kan hanya, dare na yi. Ɗan Panteka, in mutum na son mai saurin aiki wanne zan ce ya saya?

Ɗan Panteka:
Ka ce ya fara gwadawa da farce. In ya ja farcensa a kan karcen ya ji ya maƙale, ya yi zurfi, ba folish ɗin da zai cire shi, sai mai fenti. In bai maƙale ba ya wanke motar tas, ya kai ta inuwa ta huce, kar ya yi a kan bodi mai zafi don bushewa zai yi ya bar tabo. Ya fara da mai laushi a ɗan wuri kamar tafin hannu, in bai fita ba sannan ya hau mai kaushi irin Meguiar's Ultimate Compound ko G3 na Farécla, ya bi da folish, ya rufe da kaki. Akwai na haɗe uku-cikin-ɗaya, shi ya fi sauri amma wani karcen cike shi kawai yake yi, bayan wanki kaɗan ya sake bayyana. Kuma ya kiyayi gefe-gefe da kusurwa, nan fenti ya fi siriri, na taɓa ganin bonet da aka goge har kala ta fito a tsumma, sai da aka sake fesa shi gaba ɗaya. Shi ya sa sunan da ke cewa ƙyalli kawai yake ba ni tsoro, mutum zai ɗauka kamar man shafawa ne ya riƙa yi duk Juma'a.

Direba daga Maraɗi:
To kamfawun a ce man kankare mana, tunda kankarewa yake.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Wannan ya yi. Amma in ya zo shago ya ce a ba shi man kankare ba wanda zai gane, sai ka haɗa da sunan da muka sani.

Mai shirin rediyo:
Toh ga yadda zan yi: kamfawun wato man kankare, folish wato man goge karce, sai kaki. Zan faɗi biyun a farko, daga nan in ci gaba da na Hausar. Na gode ƙwarai.

Malamin Hausa:
Man kankare ba laifi. Man goge karce kuma bayani ne ba suna ba, kalma uku a wurin ɗaya, ni dai ina nan kan ƙyallau. Kiliya fa, haka za ka bar ta?

Mai shirin rediyo:
Haka zan bar ta gobe Malam, sai in wani ya kawo wata kafin azahar.