Kufan barikin 'yan kuza a yankin Toro: akwai zaiba a wurin?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu muke son zuwa wani tsohon barikin 'yan kuza a yankin Toro don ɗaukar hotuna. An ce akwai zaiba a irin wuraren nan. Gaskiya ne? Me za mu kiyaye?

Baban Tilde: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuza ba ta buƙatar zaiba, da ruwa ake wanke ta. Ma'adinan zaiba kuwa suna wurare irin su Almaden a Sifen. A nan, inda masu zinare suka yi aiki ne ake samunta: su cuɗa ta da garin dutse ta kama zinaren, sai su ƙona dunƙulen ta tashi. Ku lura da tsohon murhu, ramin wanki da kwalaben da suka fi ƙarfin girmansu nauyi, don ta ninka ruwa nauyi sau 13 da rabi. Tururinta ba wari, kuma ko ba wuta tana tashi, musamman a rufaffen ɗaki da rana tsaka. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. In kun ga ɗigo mai sheƙi kamar azurfa, kada ku taɓa, kada ku share, shara farfasa ta take yi. Ku fita iska kawai.

Injiniya Gombawa: Yallaɓai ya yi daidai, amma ni loto, wato ramin haƙar kuza mai zurfi kamar rijiya, ya fi tayar min da hankali. Ciyawa kan rufe bakinsa, gefen kuma ya rufta bayan damina. Ku je tsakanin Janairu da Maris, bayan an ƙone daji, ku bi layi ɗaya, na gaba da sanda yana dungurin ƙasa. Kada kowa ya shiga rami. Wata gurɓatacciyar iskar ta fi ta numfashi nauyi, a ƙasa take kwanciya. Mutum ya suma, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Hajiya Ummu Sadik: 'Ya'yana, ku fara gaida mai unguwa ya haɗa ku da ɗan jagora. Ku sa dogon takalmin roba saboda kububuwa, tana son tarin duwatsu. Ruwan kududdufin ba na sha ba ne, ba na wanka ba, kifinsa ma ku bar shi. Da kun dawo ku wanke takalman a waje kafin yara su taɓa.