Sabuwar mota: a lallaɓa ta ko a sakar mata totur?

Alhajin Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Allah ya nufa jiya na karɓi motar nan a Yamai, Hilux mai gazuwal, sabuwa fil, ledar kujerun ma ban cire ba. Jibi in sha Allah zan kamo hanyar Tawa. To ga abin da ya hana ni barci. Yaron da ya miƙo mini makulli ya ce injin zamani ba ruwansa da rodaji, wato lallaɓa sabon inji har ya saba, an gama masa komai tun daga kamfani, in taka abina. Direbana kuma ya ce ko kusa, sai a bar ta ta kwana a kunne a ƙofar gida, sannan kada a wuce 60 har ta ci kilomita 5000, in ba haka ba za ta riƙa shan mai kamar ana zubawa cikin rairayi har ta tsufa. Wa zan bi?

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a kashe lafiya, Alhaji. Direbanka ɗan halak ne, ka riƙe shi. Shekarun da na yi ina jan Fijo 504 tsakanin Tawa da Yamai, duk wanda ya fito da sabuwa ko aka yi wa injinsa aiki, takarda yake mannawa a gilashin baya, an rubuta da Faransanci cewa mota tana rodaji, don na baya ya yi haƙuri ya wuce. Ba wanda ke jin kunyar wannan. Yaron da ya ce ka taka, ran da injin ya fara hayaƙi ba za ka gan shi ba.

Ɗan Jami'a: Kawu, ku gafarce ni, amma 504 da motar yau ba ɗaya ba ne. A da ana fito da inji cikin silinda da kaushi, dole ƙarfe ya goge ƙarfe kafin su saba. Yanzu na'ura ke yanka ƙarfen daidai wa daida, baƙin man ma ya fi na da nesa ba kusa ba. Akwai ma masu cewa a ba sabon inji wuta tun ranar farko, wai shi ya fi fitowa da ƙarfi.

Kawu Direba: Su wa? Masu motar ko masu kallon waya?

Hajiya: Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Alhaji, a aljihun gaban motar nan ba littafi? Ka buɗe shi mana. Littattafan Toyota da na gani abu uku suke faɗa. Kilomita 300 na farko, a guji taka birki da ƙarfi farat ɗaya. Kilomita 800 na farko, kada a ja tirela. Kilomita 1000 na farko, kada a zabga gudu, kada a danna totur farat ɗaya, kada a daɗe cikin ƙaramar giya, kuma kada a daɗe kan gudu ɗaya. Ka ga yaron makulli bai yi daidai ba, tunda su masu ƙera ta ma sun ce a kiyaye. Direbanka ma bai yi daidai ba, don ba inda aka ce 60, ba inda aka ce 5000, balle kwana a kunne.

Alhajin Albasa: Hajiya, littafin na nan cikin ledarsa. Kaurinsa ya kai bulo, shi ya sa.

Maigaraji: Ku bar ni in sa baki, don wannan abincina ne. Da za ku zo garaji in nuna muku sabuwar silinda, ku sa yatsa a ciki, za ku ji ba sumul take ba. An yi mata ƴan zane-zane ƙanana masu gicciye da juna, kamar saƙar tabarma, kuma da gangan aka yi su. Su ke riƙe baƙin mai, kuma a kansu ne zoben fistan, wanda muke kira segma, yake gogewa har ya zauna daram. To abin da mutane ba su lura da shi ba, ba taurin zoben kaɗai ke manna shi da bango ba. Ƙarfin wutar da ke tashi saman fistan ne ke zagayawa bayan zoben ya tura shi waje. In mota na tsaye tana ralanti, wato a kunne ba a taka totur ba, wutar kaɗan ce, turin kaɗan ne. Zoben sai ya yi ta shafar bango kamar mai shafa kan yaro. Ga injin gazuwal bai cika ɗaukar zafi a ralanti ba, man ba ya ƙonewa duka, sai ya haɗu da baƙin mai ya cike zanen nan, bangon ya koma ƙyalli kamar madubi. Daga nan an gama. Zoben ba zai ƙara zama ba sai an sake buɗe inji.

Na ga wannan da idona ina yaron garaji. Mun yi wa wata motar ɗaukar kaya aikin inji, maigidana na lokacin ya ce a bar ta a kunne daga magariba har asuba, ni aka sa gadi, ina zaune kan tsohuwar taya sauro na cina. Ba a yi wata biyu ba mai ita ya dawo, hayaƙi shuɗi na bin sa, galan ɗin baƙin mai a bayan kujera. Da muka buɗe, na leƙa silinda sai da na ga fuskata.

Kawu Direba: Ɗana, mu ma mun kwana da su a kunne, kuma sun yi shekaru suna aiki.

Maigaraji: Gaskiya ne Kawu, wasu sun tsira. Amma ku tuna washegari cike kuke fita da su da fasinja da buhuna, ku hau tudun Badagishiri. Hanyar ce ta yi muku rodajin, ba kwanan ba. Ni ma in na haɗa inji ina kunna shi a tsaye, amma na ƴan mintuna, in ga ba yoyon ruwa, ba yoyon mai, allurar zafi na inda ya kamata. Daga nan sai titi.

Ɗan Jami'a: To ai maganata ta fito ke nan. A ba ta wuta.

Maigaraji: A'a ƙanena, kada ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. Cewa na yi a sa ta aiki, ban ce a yi mata dukan jakin aro ba. Sabon ƙarfe na haifar da zafi fiye da wanda ya saba, kuma ba inji kaɗai ne sabo ba. Giya sabuwa ce, birki bai kwanta kan farantinsa ba, tayoyi ma da santsin kamfani a jikinsu. BMW da ake yi don gudu, littafinsu cewa yake a yi kilomita 2000 ba a kai allurar juyin inji sama da 4500 ba a mai fetur, 3500 a mai gazuwal. In su sun ce a jira, wane ne mu?

Mai Kabu-kabu: Ranku ya daɗe, mu masu ƙafa biyu a ba mu wuri. Mu ne ma muka fi kowa sayen sabo a garin nan, motoci ai yawancinsu sun gama rodajinsu a Turai kafin su sauka Kwatano ko Lome. A wajenmu in yaro ya ɗauko sabon moto sai ya kafa shi bakin shago ya bar shi yana ruri rabin yini. Kuma muna da magana cewa moton da aka lallaɓa yana sabo ya zama rago ke nan, ba zai taɓa gudu ba.

Maigaraji: Na moto ma ya fi muni. Mota tana da ruwa da fanka. Moton ku iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya shi, ka kafa shi wuri ɗaya cikin ranar watan Afrilu a Tawa, dafa shi kake yi. Batun ragonci kuwa, ƙarfe ba ya koyon lalaci. Wanda aka ce ya zama rago, ka bincika, zobensa ne bai zauna ba, ƙarfin wutar na zurarewa ƙasa.

Alhajin Albasa: Duk na ji. Amma ni inda ya fi yi mini ciwo shi ne mai. Da gaske ne yadda aka fara da ita haka za ta riƙa sha?

Hajiya: Motata ƙaramar Hyundai ce, kuma littafinta ya taɓo wannan kai tsaye. Ya ce shan mai da ƙarfin inji na iya canzawa a farko, sai bayan kimanin kilomita 6000 suke daidaita, kuma sabon inji na iya cin baƙin mai fiye da kima a wannan lokacin. Ke nan in ka ga tana sha a makon farko kada hankalinka ya tashi, kuma ka riƙa zaro sandar awon baƙin mai kana dubawa da safe.

Ɗan Jami'a: Wannan na yarda. Gogayya na raguwa, mai na raguwa. Amma kaɗan ne, ba abin da Alhaji zai sayi rago da shi ba.

Malamin Lissafi: Bari in shigo nan, don ina jin ana ta “tana sha”, “ba ta sha”, ba wanda ya ce ya auna. Allurar tanki ba ma'auni ba ce. Alhaji, ka cika tanki a Yamai har bindigar ta tsaya da kanta, ka rubuta kilomita. In ka iso Tawa ka sake cikawa haka, ka rubuta litar da ta shiga. Ka raba lita da kilomita, ka ninka da 100. Mu ɗauka misali ne kawai: hanyar kusan kilomita 550 ce, in tana cin lita 9 a kowane 100, wajen lita 50 ke nan. Da farashin gazuwal na CFA 618 kowace lita da aka sa a 2024, jika 30 da ɗoriya. In bayan ta saba ta rage rabin lita a kowane 100, abin da ya dawo aljihunka a tafiya ɗaya bai kai jika 2 ba. Kuɗi ne, amma taya mai ƙarancin iska ko ƙafar direba mai nauyi za su cinye fiye da haka ba ka sani ba.

Kuma kada ka gwada zuwa da dawowa ka ce ga sakamakon rodaji. Lokacin hunturu iska daga gabas da arewa take busowa. Mai zuwa Tawa daga Yamai gaba da gaba yake da ita, mai komawa tana tura shi. Ga kaya, ga na'urar sanyi. Sai ka yi hanya ɗaya, da kaya iri ɗaya, sau da yawa, kafin lissafin ya yi magana.

Kawu Direba: Malam, mu da kunne muke aunawa. Amma batun iska ka yi gaskiya, tsakanin Doso da Dogon Dutsi na sha jin mota tana nishi ba gaira ba dalili. Abu ɗaya dai ba zan janye ba: tana cika 1000 a juye baƙin mai. Na sha tara man farko a tasa in kai rana, ka ga yana walƙiya da garin ƙarfe kamar an barbaɗa kwalli.

Hajiya: Kawu, wannan ma ba duka ba. Akwai littattafan Honda da suka ce kada a juye man farko sai lokacinsa ya yi. Alhaji ya bi abin da takardar garantinsa ta ce, kada ya je wani wuri a taɓa masa mota garantin ya tashi a banza.

Maigaraji: A nan ni ina bayan Kawu da ƙafa ɗaya. Injin da muka haɗa da hannu a garaji, ƙura na shiga, dole a juye da wuri. Sabo daga kamfani matatar mai na kama yawancin garin. Amma da motata ce, a ƙasar nan mai ƙura, zan juye da wuri, a wurin da garanti ya yarda. Ban taɓa ganin injin da sabon mai ya kashe ba.

Hajiya: Ka dai taɓa ganin aljihun da ya rame.

Maigaraji: Hajiya ke nan. Alhaji, ga yadda zan yi da ni ne jibi. Ka kunna, minti ɗaya ko biyu, ka tashi a hankali har allurar zafi ta hau. A hanya kada direba ya kafe ƙafa wuri ɗaya, ya yi 80, ya hau 100, ya sauko 70, yana canza giya. Kada ya bar ta a babbar giya tana kakkarwa a tudu, wannan ya fi gudu cutarwa, ya sauke giya. Ku sha iska a Doso, ku yi sallah a Ƙonni, ku leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo. Kafin ku karya kwana a Tsarnawa ta ci fiye da 400. Zuwa da dawowa ɗaya, an wuce 1000.

Ɗan Jami'a: Da shingaye da ramuka da jakuna, hanyar da kanta ba za ta bar shi kan gudu ɗaya ba.

Alhajin Albasa: Kaya fa? Akwai buhunan shinkafa da na so in ɗoro.

Maigaraji: Kaɗan ba laifi, yana ma taimakon zoben. Amma ba lodin albasa irin naku ba, wanda mota ke tafiya hanci sama.

Kawu Direba: Ni dai har yanzu 100 ta yi mini yawa ga jaririyar mota.

Alhajin Albasa: Jama'a ku dakata. Yanzu yaro ya shigo yake ce mini direba ya kunna ta tun bayan la'asar, tana nan ƙofar gida tana ruri, shi kuma ya tafi shan shayi. Bari in nemo takalmina.

Kawu Direba: Tunda an riga an fara, ka bar ta ko zuwa isha'i mana.

Maigaraji: Alhaji, kashe ta.