Gudu ne ke ɓata wa ƴan mata al'ada?

Maman Nana: Salamu alaikum matan zaure. A yi mini alƙalanci tsakanina da uwar mijina. Nana tawa shekararta 17, tana lise, bara ta shiga ƙwallon hannu. Bayan asuba gudu, bayan la'asar atisaye. Da can al'adarta kwana 29 ko 30 take zagayowa. Sai ta koma 38, sai 44, yau kwana 52 shiru. Kuma ran da ta zo, ciwon mara har da amai. Iya ta ce tsalle-tsallen ne ya girgiza mata mahaifa, a cire ta tun kafin a yi da-na-sani.

Hajiya ta Birni: Wa'alaikumus salam. Iya ta faɗi gaskiya. Mahaifa ba tulu ba ce da za ki sayo wani a Kasuwar Dole idan ya fashe. Mu da muka tashi, budurwa ko katanga ba ta tsallakawa. Ki cire ta.

Madam ta Wasanni: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ni shekarata 14 ina koyar da motsa jiki, ƴaƴana huɗu. Kuma ki duba garin nan da rani in famfo ya ɗauke. Yarinya ta ɗora bido shida masu lita 25 a kura, kilo 150 ke nan, ta turo daga wata unguwa zuwa Garin Malam. Ta dawo ta kama taɓarya. In da girgiza na lalata mahaifa, da Damagaram ba ta cika da yara haka ba.

Hajiya ta Birni: Daka daban, tsalle daban. Kuma Madam ki amsa mini: kafin ƙwallon yarinya lafiyarta lau, ta shiga, abu ya rikice. Me kike nema bayan wannan?

Madam ta Wasanni: To me ya sa sauran ƴan ƙungiyarsu ba su rikice ba?

Hajiya ta Birni: Kin bi su gida-gida kin tambaya?

Tanti Ungozoma: Na fito daga aikin dare na tarar ana ta yi. Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ta kama, don ƴan mata ba su cika faɗa ba. Kuma abin da idonki ya gani gaskiya ne, ƴan wasa na samun jinkirin al'ada fiye da sauran mata. Inda muka rabu shi ne dalili. Mahaifa na zaune cikin ƙashin ƙugu, jijiyoyi na riƙe da ita, gudu ba ya kwance ta. Al'ada daga kai ake ba da umarninta. Akwai wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke aika saƙo ta jini zuwa ga ma'ajiyar ƙwai, ya ce a nunar da ƙwai a saki. Bayan an saki da kamar kwana 14 jini ke zuwa, wannan ɓangaren bai cika canzawa ba. Wanda ke tsawaita shi ne jiran sakin ƙwan. Idan abin da mace ke ci bai biya abin da take ƙonawa ba, ƙwaƙwalwa sai ta yi irin ta mai gidan da rumbunsa ya yi ƙasa, ta ɗage abin da za a iya ɗagewa. Saƙon ya ragu, ƙwai ya makara, kwana 30 ya zama 44. Maman Nana, me Nana ke ci?

Maman Nana: Hmm. Tanti kin taɓo inda ke ciwo. Ba ta karyawa, wai ba a gudu da ciki cike, kuma tana dawowa sai shirin lakwal. Fanke biyu da rana. Da dare ta tsakuri tuwo, ƙawayenta sun ce mara nauyi ta fi sauri. Siket ɗin lakwal sau biyu ina rage mata.

Madam ta Wasanni: Subhanallahi. Wannan yunwa ce, ba ƙwallo ba.

Hajiya ta Birni: In ba don ƙwallon ba wa zai sa ta ƙin tuwo? Duk kanwar ja ce.

Tanti Ungozoma: Ba ɗaya ba ce Hajiya, don maganin ya bambanta. A cire ta ta ci gaba da tsakurar abinci, ba a yi komai ba. Ni abin da ya fi damuna ma ba haihuwa ba ce, wannan tana dawowa in jiki ya ƙoshi. Ƙashi ne. Sinadarin mata da ake kira estirojin yana raguwa in al'ada ta tsaya, shi ne kuma mai tsare ƙashi, ga shi mafi yawan ƙarfin ƙashi kafin shekara 20 ake tara shi. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan ƙarancin abinci na ƴan wasa a 2014, har maza yana kamawa. Lissafin da muke bi: ga babbar mace kwana 21 zuwa 35 daidai ne, yarinyar da ta fara ba da jimawa ba har 45 ba a tada hankali. Wata uku cur babu jini, asibiti. Nana tun da tana ramewa kada a jira wata ukun. Kuma in kun je gwajin ciki za a fara yi.

Maman Nana: Haba Tanti! Nana fa?

Tanti Ungozoma: Ƙanwata, ba zargi ba ne. Ko ƴata ce da shi zan fara. Bayan shi a duba maƙoƙo, ƙarancin jini, da cutar nan da ke hana ƙwai fita, mai zuwa da ƙuraje da gashin haɓa.

Amaryar Sabon Gari: Ni fa tafiya kawai nake da yamma, kuma cin tuwona ba wasa, amma tawa ta rikice wata biyar.

Tanti Ungozoma: Kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku?

Amaryar Sabon Gari: E, kuma ina shayarwa.

Tanti Ungozoma: To kada a ɗora wa tafiya. Allurar kan kawo ɗigo-ɗigo ko ta ɗauke jinin gaba ɗaya, shayarwa ma haka. Ki faɗa a CSI, asibitin unguwa, ran da za ki koma.

Hajiya ta Birni: To ciwon marar fa? Shi kam zaƙi ne da ruwan sanyi. Yaran yanzu ba alkaki ba lemun kwalba. Jar kanwa a ruwan ɗumi, in ta yi aure kuma shi ke nan.

Tanti Ungozoma: Ciwon mara hanyarsa daban da jinkirin. Bangon mahaifa na fitar da wani sinadari, furostagilandin, ya sa ta matse don tura jini. Mai yawansa ta fi shan wuya, shi ke kawo amai da zawo ma. Abin mamaki, watan da aka saki ƙwai ya fi ciwo, don haka ciwon Nana ba shaidar ɓarin mahaifa ba ne. Motsa jiki daidai gwargwado rage shi yake. Ibuprofen na tare sinadarin, a sha tun ciwon na farawa, bayan an ci abinci, ban da mai gyambon ciki da mai juna biyu. Kwalbar ruwan ɗumi a mara na aiki sosai. Kanwa ba na ba da shawara, gishiri ce, balle mai hawan jini. Haihuwa kan sauƙaƙa wa wasu, ɗaurin aure kam bai taɓa ba. Wanda nake tsoro shi ne ciwon da ya fara a girma, ko mai ƙaruwa wata bayan wata, ko jini mai guda-guda da ke jiƙa ƙunzugu duk awa, ko zazzaɓi da ruwa mai wari. Nan sai hoton ciki, don ƙari mai tsirowa a mahaifa ya yi yawa a cikinmu baƙaƙen mata.

Madam ta Wasanni: Maman Nana, zan yi magana da mai horar da su a rage mata gudun asuba na ɗan lokaci. Ga zafin Afrilu ya taho, sama da digiri 40.

Hajiya ta Birni: Kun ga, kun dawo kan maganata, a rage.

Madam ta Wasanni: Ke cewa kika yi a cire, Hajiya.

Maman Nana: Litinin za mu je asibiti in sha Allah. Iya dai ban san yadda zan yi mata bayanin ƙwaƙwalwa ba.

Hajiya ta Birni: Ki ce mata yarinya ba ta ci, wannan za ta gane. Ki aiko gobe da safe a karɓi fura da nono da ƙuli-ƙuli. Amma ni har yanzu ban yarda da tsallen nan ba.