Kano zuwa Tamale a kan babur: Google Maps kaɗai ya isa?

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kan batun tafiyarmu ta Ghana bayan damina, na ji Alhaji yana cewa kowa ya nemi na'urar Garmin, wato na'urar nuna hanya ta GPS. Ni dai ban yarda ba. Google Maps da ke cikin wayar kowa ya ishe mu. Tun watan Yuli na 2019 kamfanin ya buɗe tsarin nuna hanya na masu babur a Najeriya da Benin da Togo da Ghana, kuma ƙasashen da za mu ratsa ke nan cif. Ana iya sauke taswirar yanki a ajiye a waya, sannan siginar GPS daga tauraron ɗan'adam take saukowa, ba ta cin data. Kuɗin na'urar gara a zuba su a sabuwar taya da sarƙa.

Alhajin Kumasi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da ta bakin teku za mu bi, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, da ban ce uffan ba. Kwalta ce sambal, ga sabis kusan ko'ina. Amma mun yi shawarar bin tsohuwar hanyar fataken goro: mu fita ta Chikanda a jihar Kwara, mu shiga Nikki, Parakou, Djougou a Benin, mu tsallaka Kara a Togo, sai Tatale, Yendi, Tamale a Ghana. Akwai wuraren da za ka yi nisa wayarka ba ta ga sabis ba. Idan sabis ya ɗauke, taswirar Google da ka sauke ba ta nuna cunkoso, ba ta kawo maka zaɓin wata hanya. Abin da ta zaɓa maka shi ke nan.

Ɗan Zariya:
Baba, wane cunkoso ne tsakanin Nikki da Parakou? A bi hanya a wuce kawai.

Bakanike:
Ku bar ni in sa baki ta ɓangaren da na sani. Ni ba taswirar ke damuna ba, wayar ce. An ƙera ta don aljihu, mu kuma za mu ɗaure ta a kan babur, rana na dukanta, allo a kunne tun safe, ga caji a jone. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A watan Satumba na 2021 kuma ya fitar da gargaɗi cewa jijjigar injin manyan babura na iya lalata kyamarar wayar. Na taɓa ganin wayar wani abokin tafiya ta dushe allo saboda zafi daidai mararraba, sai da muka nemi inuwa muka jira ta huce. Ita zumo XT, na'urar Garmin ta masu babur da Alhaji yake magana, ruwan sama bai dame ta ba, allonta inci biyar da rabi ana karanta shi cikin rana tsaka, kuma tana jin taɓi ko da safar hannu. Wanda ba shi da halin saya, ya nemi tsohuwar waya mai araha ya ɗaure, ya bar ta kiransa a aljihu. Waya ɗaya ta zama ita ce taswira, ita ce banki, ita ce kiran gida, wannan ganganci ne a ƙasar da ba taka ba.

Malam Safiyo:
Na karanta duka, kuma ina ganin an haɗa abu biyu wuri guda. Na'ura daban, taswirar da ke cikinta daban. Alhaji, a gafarce ni, Garmin ɗin da aka sayo daga Turai da taswirar Turai take zuwa, ta Amurka kuma da ta Amurka. Idan aka kunna ta a Djougou ba tare da an loda mata ta yankin ba, za ta gaya maka inda kake daidai, amma abin da za ka gani bai wuce 'yan manyan tituna ba. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce taswirar wa za mu ɗauka.

Amsata OpenStreetMap ce. Wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara ta a 2004, kuma 'yan sa kai ne ke zana ta, kowa yana ƙara abin da ya sani. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps a kanta suke. Kana sauke ƙasa sukutum, Benin ɗungurungum, Togo ɗungurungum, ba sai ka riƙa yanko murabba'i ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Google ke sa ka yi ba. OsmAnd na kyauta yana ba ka damar sauke taswira bakwai kafin ya nemi kuɗi. Abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai babur shi ne, inda aka shigar da bayanin, yana iya nuna maka irin hanyar: kwalta ce, burji ne, ko turba ce ta yashi. Kilomita sittin a kwalta da kilomita sittin a burjin da damina ta cinye ba lissafi ɗaya ba ne, ko a lokaci ko a mai.

Sannan ana iya zuba wannan taswirar a katin memori a saka wa Garmin. Wato Alhaji zai riƙe na'urarsa, Ɗan Zariya ya riƙe wayarsa, amma abu ɗaya kowa yake kallo. Sai mu zana hanyar tun daga gida a fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da layin hanya, mu raba wa kowa. Layin da muka zana ba ya sauya ra'ayi a tsakiyar daji. Google Maps na waya kuwa ba ya buɗe irin wannan fayil kai tsaye.

Ɗan Zariya:
Malam, taswirar da kowa zai iya shiga ya gyara, a kanta za mu dogara? Wani ya zauna a ɗakinsa a Jamus ya kalli hoto ya zana layi, bai san rafi ya yanke wurin ba. Kuma ka nemo min masauki ko gidan mai ko mai faci a Kara a cikinta mu gani. A Google har hoton wurin da lambar waya da ra'ayin waɗanda suka kwana za ka samu. Ga hoton tauraron ɗan'adam, in ka yi shakkar gada sai ka duba da idonka.

Malam Safiyo:
Maganar masauki da shaguna gaskiyarka ce, a cikin gari Google ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma akwai ƙauyukan da ba wanda ya zauna ya zana su. Amma hoton tauraron ɗan'adam ba ya cikin abin da ake saukewa, sai da intanet. Inda za ka fi bukatarsa, can ne ba za ka same shi ba. Kuma hoton na iya zama na rani, kai kuma ka iso ƙarshen damina.

Alhajin Kumasi:
To Tracks4Africa fa? Wani matafiyi da muka haɗu da shi ya yaba min ita ƙwarai.

Malam Safiyo:
Tana da kyau, Alhaji, domin daga sawun GPS na matafiyan da suka bi hanyar da ƙafafun motocinsu ake harhaɗa ta. Sai dai kamfanin na Afirka ta Kudu ne, ƙarfinta kuma a kudanci da gabashin nahiyar yake, irin su Namibiya da Botswana. A yankinmu ba zan sa ta a gaba ba. Ta takarda kuwa a riƙe Michelin mai lamba 741, ta arewaci da yammacin Afirka. Santimita ɗaya kilomita 40 ne a cikinta, ba za ta nuna maka kwana ba, amma za ta nuna maka gari na gaba idan komai ya mutu.

Hajiyar Parakou:
Salamu alaikum. Ƙanena na cikin masu tafiyar, shi ya sa nake bin maganar. Ni 'yar kasuwa ce, ban san waɗannan manhajoji ba, amma na san hanyar. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, manyan motoci suka yi jerin gwano, alhali gadar na nan zane a kowace taswira. Najeriya ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Yanzu kuma can arewacin Benin, wajen dajin W da Pendjari, akwai hare-haren 'yan bindiga, haka ma kusurwar arewacin Togo. Na'ura gajeriyar hanya take nema, ba ta san wannan ba. Don Allah duk garin da kuka sauka ku je tasha ku tambayi direbobi, ku gaida Sarkin Zango ku ji ta bakinsa. Kuma kada ku bi turbar da za ta kewaye ofishin shige da fice don ta fi kusa. Shiga ƙasa babu hatimi da takardar babur bala'i ne a shingen farko.

Bakanike:
Hajiya ta taɓo inda nake tsoro. Har ɓangarenmu na Najeriya, wajen Kainji da Kaiama, sai an bincika kafin a zana layin nan.

Ɗan Zariya:
Na ji, Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Zan sauke OsmAnd in karɓi fayil ɗin Malam. Amma ina nan kan bakana game da Garmin, ba zan saya ba, kuma da mun shiga gari Google zan kunna.

Alhajin Kumasi:
Ba wanda zai tilasta ka, ɗana. Amma wanda zai ja gaba dole ya zama mai na'urar da rana da ruwa ba sa kashewa, tawa kuma tana nan. Malam, ka zo ka loda mata taswirar.

Malam Safiyo:
In sha Allahu, Alhaji. Kafin in zana layin, kowa ya turo min kilomita nawa tankinsa ke kai shi idan ya cika, domin da mafi ƙanƙantar tanki zan yi lissafin zango. Hajiya, a taimaka a tambayo mana direbobin Djougou halin da hanyar Kara zuwa Natchamba, garin bakin iyakar Togo da Ghana, take ciki bayan ruwan bana, da ƙarfe nawa ake rufe bodar Tatale.